Amsa ga ɗan'uwan da ya tambaye ni kan karo-karon direban sauti

Assalamu alaikum Malam,

Ka tambaye ni a gaban jama'a, wai tunda Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kyauta ce, me ya sa nake kiran mutane su yi karo-karo a biya masu rubuta direban sauti (ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da na'urar sautinta), ko ba ci da gumin mutane ba ne? To bari in baka amsa a inda ka yi tambayar.

Manhajar ce kyauta Malam, amma na'urar da mai rubutun zai gwada a kai saye ake, kuma lokacinsa ma ba daga sama yake faɗowa ba. Yawancin kamfanoni Windows da macOS kawai suke wa direba, takardun bayanin ma ba sa fitarwa, sai mutum ya zauna yana bin saƙonnin da na'urar ke aikawa ɗaya bayan ɗaya har ya gano yarenta, wata da watanni.

Dubi Asahi Linux, aikin ɗora Linux a kan kwamfutocin Apple. A ƙarshen 2020 Hector Martin, wanda ya fara aikin, ya buɗe shafi a Patreon, dandalin karɓar tallafi a intanet, yana neman tallafin wata-wata don Linux ta hau kwamfutocin Apple masu ƙwaƙwalwar M1. Allo ya yi aiki, kibod ya yi, amma sifikun ciki da gangan suka bar su a kashe na tsawon lokaci, saboda a waɗannan injinan manhaja ce ke tsare sifika daga ƙonewa, in ka saki ƙara ba lissafi sai wayar cikinta ta ɗau zafi ta lalace. Sai da suka rubuta speakersafetyd, wadda ke bin wutar da ke shiga sifikar tana ƙiyasta zafinta tana rage ƙara kafin ɓarna, sannan sauti ya fito daga sifikun a Fedora Asahi Remix, nau'in Linux ɗin da suke fitarwa, a ƙarshen 2023. Shekara uku kenan fa! Wa zai yi wannan da cikinsa a wofi?

Ni kaina na taɓa sa Linux a wata tsohuwar laftof, komai lafiya, na kunna karatu shiru kake ji, sai na cusa iyafis sannan murya ta fito. Wlh daren nan ban yi barcin kirki ba, kuma gyaran da ya cece ni wani ne can da ban sani ba ya rubuta ya saki kyauta.

Gaskiyarka a abu ɗaya, ba kowa ake miƙa wa kuɗi ba. Ni kafin in bayar sai na ga aikin a fili, na ga ana tura shi cikin kanel ɗin Linux, wato ainihin zuciyar manhajar, don kowa ya samu. In ka ga haka, ka sa abin da ya sawwaƙa, ko ka gwada a injinka ka kai musu rahoton matsala.

Na gode, Allah ya bar zumunci.