Wasiƙa zuwa ga abokina a Legas kan keken Baba

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da yara. Mu nan Kano sai godiya, zafi ne dai ya saka mu gaba.

Na ga hotunan keken Baba, Allah Ya jiƙansa, da shawarar da mai fenti ya ba ka cewa a kankare shi tas a sake fesawa. Don Allah kada ka yarda. Raleigh ne fa na ainihi, ga tambarin kan zalɓe nan a goshinsa. Kamfanin ya yi sama da shekara ɗari yana ƙera keke a Nottingham ta Ingila, kuma fentinsu gasa shi ake yi a masana'anta, shi ya sa ya yi shekaru bai ɓare ba. Na gwangwanin feshi ba zai kama ƙafarsa ba. Kana kankarewa kuma siraran layukan nan masu ruwan zinare sun tafi ke nan. Inda ya ƙuje kawai za ka bi.

Ka fara wanke shi da ruwan sabulu, ya bushe sarai. Sai ka bi kowace ƙujewa da farce. Wadda farce bai maƙale ba, a sama take, man goge mota da tsumma mai laushi sun isa. Wadda ta kai ƙarfe ita ce abin ji, musamman a garinku da iskar teku ke ɗauke da gishiri. Abin da zai shekara a Kano bai yi ja ba, a wurinku damina ɗaya ta ishe shi.

Ka yanki ɗan sanfefa mai lamba 400, ka naɗa a kan ashana, ka goge cikin ramin kaɗai har ƙarfen ya yi fari. Kada ka bar ko ɗigon tsatsa, don a ƙarƙashin sabon fenti za ta ci gaba da ci. Ka share da sifirit. Ban da kananzir, maiƙo yake bari, fenti ba ya kamawa. Daga nan sai jan fentin nan da masu walda ke fara shafa wa ƙofar ƙarfe, shafa ɗaya siririya. Washegari ka ɗiga baƙin fentin mai da tsinken sakace, ba da buroshi ba. Ɗigon zai bazu da kansa ya bi ramin. Ka bari ya kwana, ka ƙara, har ya ɗan ɗara tsohon fentin tudu. Na san ka da gaggawa, to idan ka lafta shi da kauri, sama za ta bushe ciki na danye, ya yamutse.

Ka ba shi kamar mako biyu a ɗaki inda ba ƙura. Sannan ka jiƙa sanfefa mai lamba 2000, ka daidaita tudun a hankali, ka bi da man gogewa. Sabon baƙin zai ɗan fi tsohon duhu, wannan ba komai.

Wuri ɗaya ne ya dame ni a hoton: ƙarƙashin inda feda ke juyawa na ga fentin ya yi bororo. Can ruwa yake taruwa. Ka kife keken, ka fasa bororon, ka danna da bakin ƙusa. Idan ƙarfen ya lotsa ko ya huje, magana ta wuce fenti. Ka nemi mai waldar gas, don mahaɗan irin wannan keke da tagulla aka liƙe su, kuma bututun siriri ne, waldar lantarki huda shi za ta yi.

Ka turo mini hoton wurin bayan ka kankare, kafin ka shafa komai. Ka gaida maiɗakinka da yara. Hajiya ma tana gaishe ka, tana tambaya ko za ku zo da babbar sallah.

Naka,
Abokinka na Kano