Wasiƙa kan tankin cire gishiri daga ɗanyen mai

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali? Ina fatan kowa lafiya. Saƙonka ya iso, na kuma fahimci damuwarka: taransifomar tankin cire gishiri na matatar mai tana yawan faɗuwa, wato wutarta tana yankewa, ruwa yana bin ɗanyen mai ya wuce gaba.

Don Allah kada ka fara da ƙara wuta. Volt dubu 15 zuwa 35 ɗin da ke kan ragar ƙarfen cikin tankin, aikinsa ya sa ƙananan ɗigon ruwa su ja juna, su haɗe, su yi nauyi su nitse. Ɗigon da faɗinsa ya ninka biyu, saurin nitsewarsa ninki huɗu ne. Tun 1911 Frederick Cottrell ya yi rajistar dabarar a Amurka. Amma in wutar ta wuce kima, miƙe ɗigon take yi har ya tsinke gutsi-gutsi, aiki ya koma baya.

Fara duba iyakar mai da ruwa. A nan wani abu mai kauri kamar kunu yake taruwa, haɗin kwaltar mai da laka da tsatsa. In ya hau kusa da raga, ɗigogi sukan jeru su zama hanyar wuta, nan take taransifoma ta faɗi. Buɗe famfunan gwaji da ke jere a jikin tankin ɗaya bayan ɗaya ka ga inda ya kai, amma da safar hannu, domin abin da ke fitowa yana ƙuna.

Ni dai bawul ɗin gauraya na fi zargi, wanda ke cakuɗa ɗanyen mai da ruwan wanki, wato ruwan da ake zubawa don ya wanke gishirin. In an matse shi da yawa, ruwan wanki yakan farfashe ya yi ƙanƙanta har wuta ta kasa tara shi. In an sake shi, gishiri ba ya wankuwa. Ruwan wankin ya tsaya kashi 4 zuwa 8 cikin ɗari na yawan man, zafin tankin kuma digiri 120 zuwa 150 a ma'aunin Celsius. Auna pH ɗin ruwan ma, wato ma'aunin tsami: in ya haura 8, asid ɗin cikin man yakan zama sabulu ya riƙe ruwan. Maganin raba mai da ruwa shi ma in ya yi yawa, ƙara ɗaure su yake yi.

Kada ka yi sakaci da wannan. Gishirin magnesiyam da ya tsere, in ya ji zafin hasumiyar tacewa, asid yake zama ya cinye bututan sama.

Abu ɗaya za ka riƙa canzawa, ka jira tankin ya daidaita kafin ka taɓa wani. Aiko min da sakamakon gwajin gishirin. A gaida Hajiya da yara.

Naka,
Amininka