Godiya ga ma'aikatan ofishin tikitin jirgin ƙasa na Haramain da ke filin jirgin Jidda

Assalamu alaikum. Tun da muka dawo daga Umra Hajiya mahaifiyata take min mitar wai har yanzu ban rubuta godiyar nan ba, kullum in na je gaishe ta sai ta ce "ka rubuta wa yaran nan kuwa?" to yau dai Allah ya yi, ga ta nan, ko ba su jin Hausa duka na san akwai mutum ɗaya a cikinsu da zai ji, shi sai ya fassara wa sauran.

Mu uku muka tafi, ni da Hajiya da ƙanwar babana Gwaggo, su biyun duk sun manyanta kuma Gwaggo ga ciwon gwiwa. Bizarmu ta fito a makare shi ya sa ban yarda na sayi tikitin jirgin ƙasa ta waya tun daga Kano ba, gudun kar in biya kuɗi rana ta canza. Amma na zauna na tsara abina a takarda ina ji da kaina: tikitin zuwa da dawowa daga Jidda zuwa Madina, sannan wani na zuwa da dawowa daga Jidda zuwa Makka, a lissafina Jidda ce tsakiya dan haka komai sai an dawo ta nan. Da wannan takardar na tsaya gaban tagar ku bayan mun sauka, ga gajiya ga jakunkuna ga Gwaggo tana neman inda za ta zauna.

Matashin da na samu ya karɓi takardar ya duba, ya ɗago ya kalle ni, ya ga Larabcina ya tsaya a "kam riyal", sai kawai na ji ya ce "Alhaji sannu da hanya, ina gajiya." Wallahi sai da na waiga in ga ko wani ne a bayana yake magana. Ashe cikin jikokin Hausawan nan ne da kakanninsu suka je aikin Hajji tun zamanin tafiyar ƙasa ta Sudan suka zauna, Hausar tasa ta ɗan karkace tana haɗe da Larabci amma ana ganewa sarai. Hajiya kuwa tana ji ta matso ta hau tambayarsa su waye iyayensa, 'yan wane gari ne, sai da na ce Hajiya layi fa ake.

Abin da ya fara yi shi ne ya juya takardata ya zana min layin a bayanta. Tasha biyar ne gaba ɗaya: Makka, Jidda ta cikin gari wato Sulaimaniyya, filin jirgin Sarki Abdul'aziz inda muke tsaye, birnin kasuwanci na Sarki Abdallah da ke wajen Rabig, sai Madina. Ya ce jirgi yana tashi daga Madina ya zarce Makka kai tsaye cikin awa biyu da ɗan wani abu, to me zai sa in sauke tsofaffi a Jidda in sake ɗora su wani jirgin? Tikiti uku na zuwa kawai muke buƙata kowannenmu, filin jirgi zuwa Madina, Madina zuwa Makka, Makka zuwa filin jirgi, shikenan an zagayo. Ni da na tsara hawa huɗu sai ga shi ya koma uku, kuɗi ya ragu wahala ta ragu. Kuma ya ja layi biyu ƙarƙashin Sulaimaniyya ya ce in kula, mutane da yawa suna ganin sunan Jidda su danna, sai ranar komawa gida su tsinci kansu a cikin gari da kaya alhali jirgin sama na jiransu can wani waje, sannan ba kowane jirgi da ya taso daga Makka ne yake shiga filin jirgin ba.

Inda ya fi burge ni shi ne maganar mikati, dan ni gaskiya ko tunanin haɗa shi da lokacin jirgi ban yi ba. Hajiya ta damu wai ba mu ɗaura harami ba, ya kwantar mata da hankali cewa tunda Madina muka nufa da farko ba yanzu ba ne, mikatinmu Zul Hulaifa ne wanda aka fi sani da Abyar Ali, ranar da za mu bar Madina. Sai ya tambaye ta, Hajiya kina so ki je masallacin mikatin ki yi nafila ki yi niyya a can, ko za ku shirya tun daga masauki ku yi niyya a cikin jirgi? Ya ce in a jirgi ne to a shiga a shirye, domin ana tashi ba a jimawa ake wuce wurin, jirgin da ke gudun kilomita 300 a awa ba ya jiran mai neman zanensa a jaka. Hajiya ta ce ita dai sai ta taka masallacin da ƙafarta. Dan haka ya ture jirgin safe da na zaɓa ya sa mu a na bayan azahar, saboda Abyar Ali na wani ɓangaren gari tashar kuma na wani ɓangaren, sai an yi tasi an je an dawo. Ranar da abin ya zo na ga amfaninsa, wankan Gwaggo kaɗai da layin banɗakin mata ya ci kusan awa guda.

Na komawa ma sai da ya karɓi tikitinmu na jirgin sama ya duba daga wace tamina, wato ɓangaren filin jirgin, za mu tashi, tunda tashar jirgin ƙasan a jikin tamina ta ɗaya take, ya bar mana tazarar awanni masu yawa. Ya gargaɗe mu kan kaya, babbar jaka ɗaya da ba ta wuce kilo 25 ba da ƙaramar ta hannu ga kowane mutum, ya kalli Gwaggo yana dariya ya ce tsarabar dabino da jallabiyoyi a yi a hankali, zamzam kuma kar mu wahalar da kanmu da shi a jirgin ƙasa, a filin jirgi ake sayen na lita 5 ranar tafiya. Na tambaye shi ajin manya ko na kowa, bai tura ni mai tsada ba, ya ce doguwar tafiyar Madina zuwa Makka in ina da hali in saya wa iyayen nan mai faɗin kujera, ta Makka zuwa filin jirgi kuwa ba ta kai awa ba, na kowa ya isa. Haka na yi. Kujerunmu a jere ya ba mu, ya duba lambar fasfo ɗin kowa sau biyu, sannan ya kira wata abokiyar aikinsa ta kawo wa Gwaggo keken guragu ta tura ta har bakin tarago.

Hajiya ta yi Hajji tun kafin a buɗe jirgin nan a 2018, ta san tafiyar mota tsakanin Makka da Madina, awa biyar awa shida ƙafa ta kumbura. Wannan karon tana zaune jikin taga tana talbiyya tana kallon duwatsu suna wucewa, ta sha shayi ɗaya ta ɗan gyangyaɗa sai ji muka yi ana sanarwar Makka, ta ce "har mun zo?" Tashar tana unguwar Rusaifa, daga nan tasi muka hau zuwa masauki kusa da Harami.

Ranar komawa na leƙa tagar in yi masa sallama ban same shi ba, ba lokacin aikinsa ba ne, na bar saƙo wurin wanda na tarar da hannu da ka da guntun Larabci, ban san ko ya isa ba. Dan haka shugabannin wannan ofishi, dan Allah ku isar masa, da ita baiwar Allahn mai keke. Hajiya ta ce a faɗa masa ta sa shi a addu'a a ɗawafi, kuma takardar da ya yi zanen a bayanta tana cikin jakarta tare da fasfo, ta ce in ƙanina zai kai matarsa baɗi ita za a ba shi.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara ɗaukaka.

Naku, wani mai Umra daga Kano.