Wasiƙa daga Atlanta: Yadda Aka 'Yanta Bayin Amurka Aka Hana Su Gona

Atlanta, Jihar Jojiya, Amurka.

Zuwa ga ƙanina Malam Sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ka gaishe mini da Baba da Inna, ka ce ina neman albarkarsu. Ka gaida Yaya Hajara da yaranta, da su Kawu. Mu nan lafiya ƙalau, alhamdu lillahi.

Na ga tambayar da ka ce ɗalibanka sun yi maka: in dai tun 1865 aka 'yanta bayi a Amurka, me ya sa sai bayan shekara ɗari jikokinsu suka iya jefa ƙuri'a a Kudu, wato jihohin kudancin ƙasar, hankali kwance? Amsar tana cikin shekara goma sha biyun da suka biyo bayan yaƙin basasa tsakanin Arewa da jihohin Kudu masu tawaye, 1865 zuwa 1877, wato zamanin sake gina Kudu. A ganina tun shekarar farko aka yi ɓarin da ba a kwashe ba, lokacin da aka yanke cewa 'yantattu ba za su samu gona ba. Duk abin da ya biyo baya a kan wannan ya hau.

Ƙidayar 1860 ta nuna bayi kusan miliyan huɗu. Da yaƙi ya ƙare, sun fito ba gona, ba dabba, ba ko sisin kwabo na ladan aikin kaka da kakanni. Amma sun san abin da suke so. Ranar 12 ga Janairu 1865, a birnin Savannah na nan Jojiya, Janar Sherman na sojan Arewa da ministan yaƙi Edwin Stanton suka zauna da shugabannin baƙar fata ashirin. Mai magana da yawunsu, Garrison Frazier, ya gaya musu hanyar da za su riƙe kansu ita ce a ba su ƙasa su noma da hannunsu. Bayan kwana huɗu Sherman ya fitar da umarni mai lamba 15, ya keɓe musu tsibirai da gonakin shinkafa na bakin teku, daga Charleston zuwa arewacin Fulorida, zurfin mil talatin, kowane gida eka arba'in. Kafin tsakiyar shekara mutum wajen 40,000 sun zauna a kan eka 400,000, sun yi shuka. A watan Maris kuma Majalisa ta kafa Hukumar 'Yantattu, da ikon ba da hayar eka arba'in daga gonakin da masu tawaye suka gudu suka bari, har shekara uku, da damar saye daga baya.

Sai aka harbe Shugaba Lincoln a watan Afrilu. Mataimakinsa Andrew Johnson, mutumin Tenesi wanda shi kansa ya taɓa mallakar bayi, ya hau mulki. Ranar 29 ga Mayu ya yi wa masu tawaye afuwa, afuwar kuwa tana maido wa mutum duk dukiyarsa ban da bayi. Masu dukiyar da ta haura dala 20,000 aka ce su nemi tasu ɗaya bayan ɗaya, suka nema, ya dinga sa hannu dubu-dubu. A watan Oktoba aka aiki shugaban Hukumar 'Yantattu, Janar Howard, zuwa tsibirin Edisto, ɗaya daga cikin tsibiran da Sherman ya keɓe, ya gaya wa mutanen da suka riga suka yi noma su miƙa gonakin ga tsofaffin iyayengijinsu, su yi musu ƙwadago. Waɗanda suka ƙi, soja suka tashe su, sojan da suka 'yanta su ɗin nan.

A Majalisa, Thaddeus Stevens ya kawo shawarar a ƙwace filayen manyan masu tawaye wajen 70,000 a yanka wa kowane namiji baligi 'yantacce eka arba'in. 'Yan jam'iyyarsa ta Republican suka ƙi. Suna tsoron taɓa dukiyar mutum kada abin ya zama al'ada ya iso Arewa, masaƙun Arewa kuma suna son auduga ta dawo kasuwa da wuri, wasu har cewa suke kyautar ƙasa za ta sa baƙar fata lalaci. Ka gaya wa ɗalibanka wannan hujja ba ta da tushe, domin tun 1862 gwamnatin tana raba eka 160 kusan kyauta a Yamma, a ƙasar da aka ƙwace daga 'yan asalin Amurka, kuma kusan duk waɗanda suka ci moriyarta fararen fata ne. A shekarar ce ma da aka 'yanta bayin birnin Washington, aka biya iyayengiji diyya har dala 300 a kan kowane bawa.

Jihohin Kudu da Johnson ya maido wa mulki ba su ɓata lokaci ba. A ƙarshen 1865 Misisipi ta yi doka cewa kowane baƙar fata sai ya nuna takardar kwantiragin aiki duk watan Janairu. Wanda ba shi da ita ɗan zaman kashe wando ne, a ci shi tara, in ya kasa biya a ba da hayarsa ga wanda ya biya masa. An hana shi hayar gona a ƙauye. Ana iya ɗauke yaransa da sunan koyon sana'a, tsohon ubangidansu ne kuma ke da fifikon karɓarsu. Karolina ta Kudu ta sa harajin dala 10 zuwa 100 a shekara kan duk baƙar fatar da zai yi wata sana'a ban da noma ko barantaka. Majalisar tarayya ta rushe waɗannan dokoki a 1866 da 1867, duk da kujerar na-ƙi da Johnson ya hau, amma ƙasa tana nan a hannun masu ita.

Daga nan aka faɗa noma-mu-raba, kuma nan nake so ka tsaya da ɗalibai, don a nan tarkon yake. Mai ƙasa ba shi da tsabar kuɗin biyan lebura, 'yantacce kuma ya ƙi komawa aikin gandu a ƙarƙashin mai bulala. Sai aka tsaga babbar gona eka ashirin zuwa hamsin, kowane gida da tasa. Mai ƙasa ya kawo fili da bukka da alfadari da garma da iri, manomi ya kawo ƙarfinsa da na matarsa da 'ya'yansa, da kaka a raba biyu. A baki abin ya yi kyau. Amma daga shuka zuwa tsinkar auduga gida sai ya ci, kuma ba ko anini. Sai ya je kanti, wanda sau da yawa na mai ƙasar ne, ya ɗauki garin masara da nama mai gishiri da takalmi da yadi bashi, ya jinginar da amfanin da bai ko tsiro ba. Kaya ɗaya kuɗinsa biyu ne, na mai biya nan take daban, na mai cin bashi daban, ga kuɗin ruwa a kai. Tunda amfaninsa yana jingine a kanti ɗaya, babu wani ɗan kasuwa da zai ƙara ba shi bashi, don haka ba ya da bakin taya. Mai kanti kuma ba ya karɓar jinginar masara, sai auduga, saboda ita ce ba ta ruɓewa kuma ba a cin ta a ɓoye. Manomi ya rage abinci ya ƙara auduga, ya ƙara dogara da kanti, auduga ta yi yawa a kasuwa. Tsakanin 1872 da 1877 farashinta ya faɗi kusan da rabi.

Ga lissafi a matsayin misali. A ce gida ya samu dila takwas, kowace dila dala hamsin, dala 400 ke nan. Rabin manomi 200. A cire kuɗin gurza da ɗauri da taki, sannan a buɗe littafin kanti a ce an ci 220. Mai ƙasa ne ya auna, shi ya kai kasuwa, shi ke riƙe da littafi, manomin kuwa bai iya karatu ba, tunda a zamanin bauta yawancin jihohin Kudu sun haramta koya wa bawa karatu. In ya yi gardama, alƙali da ɗan sanda mutanen mai ƙasa ne. Sai a ɗora ragowar bashin kan shekara mai zuwa, in ya tashi da bashi a wuyansa a kamo shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Talakawan fararen fata da yawa ma sun faɗa ramin nan, sai dai su ba a bin su da dare don sun yi zaɓe.

Kada ɗalibai su ɗauka ba a yi komai ba. An yi wa tsarin mulki gyara uku: na 13 a 1865 ya haramta bauta, na 14 a 1868 ya ba su zama 'yan ƙasa da daidaito a gaban doka, na 15 a 1870 ya hana a hana namiji ƙuri'a saboda launinsa. Baƙar fata kusan 2,000 sun riƙe muƙamai, 16 sun je majalisar tarayya, cikinsu Hiram Revels da Blanche Bruce sanatoci daga Misisipi. Gwamnatocin wannan zamani ne suka fara kafa makarantun gwamnati a mafi yawan Kudu. Sai dai a lokacin ƙuri'a ba a ɓoye ake jefa ta ba. Kowace jam'iyya ita ke buga takardarta, sau da yawa da launinta daban, kowa yana ganin wadda ka riƙe. Mutumin da yake kwana a bukkar wani, yake cin bashin kantinsa, ka san irin ƙarfin halin da yake bukata ya jefa abin da mai gidan ba ya so. Kuma da yawa sun jefa, aka kore su daga gona.

Waɗanda kora ba ta tsorata ba, sai aka bi su da bindiga. Ƙungiyar Ku Klux Klan, da aka kafa a Pulaski ta Tenesi bayan yaƙi, tana zaɓen waɗanda take kai wa hari: malamin makaranta, shugaban jam'iyya a ƙauye, manomin da ya sayi fili, wanda ya ƙi yarda da lissafin kaka. Hukumar 'Yantattu kuwa ma'aikatanta ba su wuce 900 ba a duk faɗin Kudu, kuma an rufe ta a 1872. Da gwamnatin Shugaba Grant ta tashi tsaye a 1871, ta tura soja da masu gabatar da ƙara gundumomi tara na Karolina ta Kudu, aka kama ɗaruruwa, ƙungiyar ta karye, zaɓen 1872 ya gudana da sauƙi. Wannan ya nuna abin yana yiwuwa in da niyya.

Niyyar ce ba ta daɗe ba. Ranar 13 ga Afrilu 1873 a garin Colfax na Luwiziyana, fararen fata ɗauke da makamai suka kashe baƙar fata fiye da sittin a harabar kotu, da yawansu bayan sun miƙa wuya. Mutum uku kaɗai aka samu da laifi, a 1876 kuma Kotun Ƙoli ta soke hukuncin, ta ce gyara na 14 yana aiki ne a kan abin da jiha ta aikata, ba abin da ɗaiɗaikun mutane suka aikata ba. Ma'ana, wanda aka kashe masa ɗan'uwa ya kai ƙara kotun jihar da makasan ke riƙe da ita. A 1873 ɗin kuma tattalin arziki ya durƙushe, hankalin mutanen Arewa ya koma kan aikin yi. Bankin ajiyar 'yantattu ya rushe a 1874 da kusan dala miliyan uku na mutum wajen 61,000, kuɗin da wasu ke tarawa don sayen gona. A shekarar 'yan Democrat, masu adawa da sake gina Kudu, suka karɓe Majalisar Wakilai. A 1875 gwamnan Misisipi Adelbert Ames ya roƙi soja don ana kashe masu zaɓe da rana tsaka, aka amsa masa daga Washington cewa jama'a sun gaji da rikicin Kudu na kowace kaka. Bayan zaɓen 1876 mai cike da taƙaddama, Shugaba Hayes ya hau mulki, a Afrilun 1877 ya janye sojan da ke gadin fadar gwamnati a Karolina ta Kudu da Luwiziyana.

Sauran aikin da alƙalami aka ƙarasa shi, ta ƙofofin da gyare-gyaren suka bari a buɗe. Na 13 ya halatta aikin tilas ga wanda kotu ta ɗaure, sai jihohi suka dinga kama baƙar fata kan ƙananan laifuffuka suna ba da hayarsu ga masu haƙar kwal da shimfiɗa layin dogo. Alabama ba ta daina ba sai 1928. Na 15 bai ce komai kan haraji ko jarrabawa ba, sai Misisipi a 1890 ta sa kuɗin ƙuri'a dala biyu, da sharaɗin mutum ya karanta ko ya fassara wani sashe na tsarin mulki har mai rajista ya gamsu. Luwiziyana a 1898 ta yafe jarrabawar ga wanda uba ko kakansa yake da ƙuri'a kafin 1867. Masu rajista baƙar fata a jihar sun sauko daga 130,334 a 1896 zuwa 1,342 a 1904. Gyara na 14 ya tanadi a rage wa duk jihar da ta yi haka kujeru a majalisa, ba a taɓa zartar da shi ba ko sau ɗaya. Haka aka zauna har dokar zaɓe ta 1965.

In kana son kusantar musu da darasin, ka kawo namu na gida. Sanarwar Lugard ta 1901 ta 'yanta yaran da aka haifa daga watan Afrilun shekarar, ta bar iyayensu a rinji, wato ƙauyen bayi, sai wanda ya fanshi kansa ta hanyar murgu (kuɗin da bawa ke biyan ubangidansa don ya yi aikin kansa) ko kotun alƙali. Turawan sun hana waɗanda suka gudu samun fili cikin sauƙi don kada noma ya tsaya, bautar kuma ba a soke ta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai 1936. Ka sa su tambayi dattawan garinsu wa ya riƙe gonakin rinji bayan nan, da a kan wane sharaɗi mazauna cikinsa suka ci gaba da noma su.

Allah Ya taimake ka a kan aikinka, Ya ƙara wa su Baba lafiya da nisan kwana. Wassalam.

Naka,
Yayanka Habibu.