Dashen Itatuwa A Zariya: Wa Zai Yi Renonsu Da Rani?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan itatuwan Zariya, da kuma ƙoƙarin da ƙungiyoyin matasa da ɗalibai suke yi na dasa sababbi a kowace damina.

Zariya gari ne da aka sani da inuwa. Rimayen cikin ganuwa sun yi suna har unguwanni suka ɗauki sunansu, irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko. Wanda kuma ya shiga harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru a watan Afrilu, lokacin da rana take ƙwallewa, zai ji a jikinsa bambancin wurin da aka yi renon itatuwa tun kafa jami'ar a 1962, da sababbin unguwannin da ake share komai ƙarƙaf kafin a aza harsashin gini.

Matasan da suke tara kuɗi daga aljihunsu su sayo dashe sun cancanci yabo, kuma ina yaba musu da zuciya ɗaya. Abin da yake damuna shi ne yawancin aikin yana ƙarewa ne a ranar dashen. A taru, a haƙa ramuka, a ɗauki hotuna, kowa ya kama gabansa, a bar ɗan tsiro a bakin hanya tsakanin awaki da gara da ƙafar mutane. Sau da yawa ma ana makara, domin daminar Zariya tana farawa ne wajen Mayu ta ɗauke a Oktoba, don haka abin da aka dasa a Yuni ko Yuli yana samun watannin da saiwarsa za ta kama ƙasa, wanda aka dasa a ƙarshen Satumba kuwa hunturu ne zai tarye shi tun bai kafu ba.

A unguwarmu akwai wani dattijo da ya nuna mana yadda ake yi. Darbejiya guda ya dasa a gefen masallaci, ya kewaye ta da tsofaffin bulo, ya rufa ƙaya a sama saboda awaki, sannan ya ja 'yar kwata daga wurin alwala zuwa gindinta, ta yadda ruwan da a da yake kwanciya a kan hanya ya koma shayar da ita sau biyar a rana. Idan ya ga alamar gara sai ya barbaɗa toka. Yau a ƙarƙashinta masu jiran salla suke shimfiɗa tabarma. Bai kashe wani kuɗin kirki ba, illa dai bishiyar ta samu mai ita.

Wannan shi ne abin da nake roƙon ƙungiyoyinmu su ɗauka: kada a saka dashe a ƙasa sai an san sunan wanda zai shayar da shi har ya wuce rani biyu, ko maigidan da aka dasa a ƙofarsa ne, ko mai shagon da zai sha inuwar, ko wani aji a makaranta. A riƙa haɗawa da mangwaro da gwaiba da tsamiya, domin mutum ya fi tsare abin da yake sa ran ci. A kuma nemi shawarar masanan da Allah ya albarkace mu da su a Samaru, tun daga jami'ar har Cibiyar Binciken Aikin Gona, a kan irin da ya dace da kowane wuri, saboda babbar bishiya a jikin katangar ƙasa ko a ƙarƙashin wayar lantarki ƙarshenta gatari ne.

Manyan itatuwan da muka gada su ne ma suka fi bukatar kariya, tunda babu dashen da zai maye gurbin rimin da ya shekara ɗari a zamanin da muke raye. Ana sassaƙe ɓawon maɗaci domin magani har a zagaye gindin, alhali ta ƙarƙashin ɓawon ne abincin bishiya yake sauka zuwa saiwa, idan aka yanke shi ta ko'ina sai ta bushe a tsaye. Ana tara shara a gindin itace a cinna wuta. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 rayuwa ta ƙara tsada, gidaje da yawa suka koma ga icce da gawayi. Ba na ganin laifin uwar da take neman abin da za ta dafa wa 'ya'yanta abinci, amma akwai bambanci tsakanin rage rassa da kayar da bishiya ɗungurungum.

Saboda haka ina kira ga Masarautar Zazzau, ƙarƙashin Mai Martaba Sarki Malam Ahmed Nuhu Bamalli, da ta umarci hakimai da dagatai da masu unguwanni su san tsofaffin itatuwan da ke yankunansu, kada a sare ko ɗaya sai da saninsu. Ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari kuma su taimaka da dashe tun farkon damina. Su kuwa ƙungiyoyin matasa, ina roƙon idan watan Afrilu ya zo su koma wuraren da suka yi dashe bara, su ƙidaya waɗanda suka rayu, su sanar da jama'a adadin kafin su sake haƙa wani ramin.

Wassalam.

Naku,
Wani mazaunin Tudun Wada, Zariya