Wasiƙa zuwa Kumasi: Auta, kafinta da Klose

Assalamu alaikum, mutumina.

Ya Kumasi, ya iyali, ya kasuwa? Wata huɗu ke nan ko gaisuwar Sallah ban samu daga wajenka ba. An ce zumunci a ƙafa yake, to ga ni na tako da alƙalami.

Maganar Auta ce ta hana ni barci. Makon jiya ya je gwaji wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa, suka ce shekara 19 ya yi girma, suka sallame shi. Kwana biyu yana ɗaki, tuwon da Inna ta ajiye masa har ya yi ɓawo bai taɓa ba. Yanzu wai shagon kafinta ne ya cuce shi, zai ajiye zarto da guduma.

Na rasa ta inda zan ɓullo masa, sai Miroslav Klose, tsohon ɗan ƙwallon Jamus, ya faɗo mini a rai. Na zauna bakin katifarsa na ce: wannan mutumin a Poland aka haife shi a 1978, yana ɗan shekara 8 iyayensa suka koma Jamus. Aikin kafinta ya koya, kamar kai, yana buga ƙwallo a wata ƙaramar ƙungiyar ƙauye har ya kusa shekara 20. Sai a 1999 Kaiserslautern ta ɗauke shi. Daga nan Werder Bremen, Bayern Munich, ya ƙare a Lazio ta Italiya a 2016. Wasa 137 ya yi wa Jamus, ya ci ƙwallo 71, ya wuce Gerd Müller da a da ya fi kowa ci wa Jamus ƙwallo.

Ka tuna gasar kofin duniya ta 2002, da suka yi wa Saudiyya 8-0? Uku nasa ne, duk da ka, ga alkafurar nan tasa. Kai kuwa na san ba ka yafe masa ta 2014 ba! Gyan ya sa Gana gaba 2-1, kana ta ihu a gidan kallo har ka zubar wa mai shayi da madara, sai ga Klose ya shigo daga benci, minti biyu ba a cika ba ya farke. Ita ce ta 15 da ya ci a gasar kofin duniya, ya kamo Ronaldo na Brazil. Ta 16 kuwa a gidan Brazil ɗin ya ci, ranar 7-1.

Amma abin da na fi nanata wa Auta halinsa ne. A 2012, a wasan Lazio da Napoli, ƙwallo ta taɓa hannunsa ta shiga raga, alƙalin wasa ya amince, shi da bakinsa ya ce da hannu ne, aka soke. Wallahi wannan ta fi mini kofin duniyar da ya ɗaga.

Auta bai ce uffan ba, amma jiya da asuba na ji yana ɗaure takalminsa, da hantsi kuma na tarar da shi a shago yana fere katako. Gabana dai bai daina faɗuwa ba. Kai ya fi jin maganarka, don Allah ka kira shi.

Af, an sa ranar bikin ƙanwar Babban Yaya, bayan Babbar Sallah. Kawu ya ce in ba ka zo da goro ba kada ka shigo masa zaure. Ka gaishe da amarya da yara.

Naka har kullum.