Wa ya ce ba ruwanmu da masana'antar Spitfire?

Assalamu alaikum Malam Edita.

Wallahi shirinku na daren Asabar ya ɓata min rai, ba don komai ba sai yadda mai gabatarwa ya rufe zancen Castle Bromwich, masana'antar da ke Birmingham inda aka ƙera jiragen yaƙi samfurin Spitfire a yaƙin duniya na biyu, da cewa wai labarin Turawa ne, mu dai namu sauraro. Haba Malam! Ni a Birmingham nake zaune, kullum ta gaban wurin nan nake wucewa in zan tafi aiki, ta shataletalen da aka kafa siffar jiragen Spitfire guda uku na ƙarfe, ga unguwar Castle Vale da aka gina kan tsohon filin da ake gwada jiragen. Don haka ba jita-jita nake kawo muku ba.

Abin da kuka faɗa daidai ne, ban musa ba. A 1938 aka fara ginin, aka damƙa wa Lord Nuffield mai motocin Morris, har watan Mayu na 1940 ko jirgi ɗaya bai fito ba, sai da Beaverbrook, ministan ƙera jiragen sama na Ingila a lokacin, ya ƙwace ya ba kamfanin Vickers sannan aiki ya kankama, kafin a gama suka ƙera Spitfire wajen 12,000, fiye da rabin duk wanda aka taɓa yi. To amma ina jiragen suke zuwa, kuma da kuɗin wa? Nan ne kuka yi gum.

Kakana Allah ya jiƙansa a Fagge ya yi ƙuruciyarsa, tun muna yara yake ba mu labarin yadda jiragen yaƙi ke sauka a filin jirgin Kano lokacin yaƙin Hitila, su yara su ruga kallo ana korarsu, mu kuwa muna ɗauka tatsuniyar tsofaffi ce kawai, sai da na girma na gane ashe a akwatuna ake kawo jiragen ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yanzu, a harhaɗa su a can, su taso ta Legas su sha mai a Kano da Maiduguri su bi ta Sudan har Alƙahira. Jiragen yaƙi samfurin Hurricane aka fi bi da su da farko, daga baya har da Spitfire ɗin. Kuma mutanen Najeriya sun tara kuɗin sayen jirage, shi ya sa aka laƙaba wa runduna ta 91 ta sojan saman Ingila sunan Najeriya, kuma Spitfire take tuƙawa. Ban ma taɓo zancen talakawan da aka kwasa aikin tilas na haƙar kuza a Jos daga 1942 ba, da yawansu ba su koma gida ba. Duk wannan a ce ba ruwanmu?

Abin da ya fi ƙona min rai, akwai wata dattijuwa Baturiya maƙwabciyata da mahaifiyarta ta yi aiki a masana'antar, don mata sun yi yawa a cikin ma'aikatan. Ranar da na gaya mata zancen Kano baki ta buɗe, ba ta taɓa ji ba. Ita ina mata uzuri, ba a koya musu a makaranta ba. Amma ku da kuke magana da Hausa, masu sauraronku jikokin waɗancan mutanen ne, wane uzuri gare ku? Yarana a nan aka haife su, da ƙyar na zaunar da su su ji shirin don Hausarsu ta ƙaru, ƙarshe babban ya dube ni ya ce Baba ai ga shi sun ce ba ruwanmu.

Sannan don Allah ku rage kiɗan nan da kuke sawa ƙarƙashin murya, a waya ko kaɗan ba a jin baƙon da kuka gayyato, na sha turo saƙo a kai ba wanda ya kula.

Ku sake shirin, ku nemo malaman tarihi daga Kano ko Zariya su yi bayani.

Naku,
Mai sauraro daga Birmingham, Ingila